Abin da Gashin Kai Ya Bar wa Sa'adatu

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ƙanwata Sa'adatu a addu'a. Sunana Rakiya. A Mabai aka haife mu, ta ƙasar Ƙanƙara, yanzu ina aure a 'Yankara. Sau biyu na yi jinyar Sa'adatu, tana yarinya da kuma bayan ta yi aure, sai a ta biyun muka gane ashe jinya ɗaya ce. Ita ta matsa mani in rubuta. Na ce mata maganar al'ada da nono ba abin baza wa duniya ba ne, ta ce kunyar nan ce ta cinye mata shekara guda, in rubuta kawai.

Tana da shekara takwas ciwon ya soma. Ta tashi da safe da ciwon kai, ta yi amai tun ba ta sa komai a baki ba, zuwa hantsi ta ware ta shiga wasa. Inna ta ce shawara ce, aka jiƙa mata sassaƙe. Da ta fara tafiya tana tangaɗi, idonta na hagu ya karkace, maƙwabta suka ce gamo ta yi a bakin rafi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Baba, Allah ya jiƙan shi, ya gaji ya ɗauke ta zuwa asibitin Ƙanƙara, daga nan Funtuwa, daga nan aka tura mu wani babban asibiti mai nisa da gida. Inna na fama da ɗanyen goyo, don haka ni na bi su, ina budurwa.

Hoton kai ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki ta ƙeya, da wurin ya warke aka ce saura gashi, wato a ƙone ragowar ƙarin da hasken inji. Kalmar ta firgita ta. Ranar farko ta riƙe mani hijabi ta ce, "Yaya, wuta za su sa mani?" Babu wuta. Ana kwantar da ita a wani gado mai tauri, a kafe mata kai da wani abu kamar raga da aka yi daidai fuskarta, kowa ya fita a bar ta da injin. Ba ta jin zafi lokacin, sai daga baya sumar kanta ta zube, fatar ta yi baƙi, abinci ya daina shiga. Mun fi wata muna wannan, muna kwana a baranda cikin sauro. Baba ya sayar da bijiminshi da masarar shekarar. Akwai wata nas, ba Bahaushiya ba ce, da take rage mana abincinta kullum ta ce ta ƙoshi. Ban san inda take ba yanzu, Allah ya saka mata.

Sa'adatu ta warke. Wannan ba zan daina gode wa Allah da likitocin nan a kanshi ba. Da za a sallame mu aka ce wa Baba ya riƙa dawowa da ita ana dubawa. Ya kai ta sau biyu, aka ce ƙarin bai dawo ba. Sai Baba ya rasu, hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, yarinya kuma tana cin abincinta tana zuwa islamiyya. Babu wanda ya ce mana akwai abin da zai jira ta sai ta girma. Ko an faɗa wa Baba da Turanci bai kama ba, ko ba a faɗa ba, ban sani ba. Amma da an zaunar da mace ɗaya a cikinmu an yi mata bayani da Hausa, da wahalar ba ta kai haka ba.

Ta girma a hankali. Sa'o'inta suka wuce ta a tsawo, sumar ƙeyarta ba ta dawo sosai ba, kunnenta ɗaya ya yi nauyi. Al'ada ba ta zo mata ba sai da ta kusa sha bakwai, ita ma ɗan ɗigo, ta zo wannan wata ta ɓace wata uku. Inna ta ce wasu matan haka suke, aure na gyara shi.

Lawal mutumin Damari ne, ta Sabuwa, manomi, yana kawo hatsi kasuwar 'Yankara. A gidana ya gan ta, ita ma ta so shi. Tana da shekara ashirin aka ɗaura. Inna ba ta ɓoye mashi ciwon da ta yi ba, ya ce ai abin da ya wuce ya wuce.

Ba a rufa shekara ba ta kira ni a waya cike da murna. Al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, jikinta ya yi nauyi, barci ba ya isar ta, ta yi ƙiba, kuma nononta ya fara ɗigar da ruwa fari. Na yi guɗa a tsakar gidana ni kaɗai. Uwar mijinta, Hajiya Kulu, ta hana ta daka da ɗiban ruwa. Inna ta fara tara zannuwan goyo a ƙasan akwati.

Da aka ƙiyasta wata huɗu ta je awo asibitin garinsu. Aka gwada fitsari, aka ce babu ciki. Ta dawo tana kuka, Hajiya Kulu ta zaunar da ita.

"Mi waɗannan yaran suka sani? Ɗiyata, cikin kwantawa ya yi. Ni da idona na ga macen da nata ya kwanta shekara biyu, ta haifi namiji lafiyayye. In babu ciki, nonon na wa ne?"

Hajiya Kulu ba muguwa ba ce, son Sa'adatu take yi. Ita ta riƙa hawa mashin da tsufanta tana bin masu magani. An ba Sa'adatu saiwoyi masu ɗaci ta sha har ta yi gudawa ta sati. An ba ta turaren tsuguno. Wata ungozoma ta riƙa murza mata ciki da man shanu wai tana tayar da yaron. An kai ta wurin mai ruƙiyya ya ce aljana ce ta zauna a kan cikin. Kowane wata sai wani ɗan'uwa ya zo da sabon ƙulli a leda. Ita kuma ta riƙe maganar kwantaccen cikin nan da hannu biyu. Idan na je Damari sai ta ja ni ɗaki ta ɗora tafina a mararta ta ce, "Yaya, tsaya ki ji, jiya ya motsa." Ba na jin komai, amma na kasa faɗa mata.

Shekara ta zagayo a haka. Ta koma ba ta iya share ɗakinta ba tare da ta zauna ta huta ba, tana jin sanyi da rana tsaka, fatarta ta bushe. Lawal ya same ni a kasuwa ya ce, "Yaya Rakiya, ni tsoro nake ji. Ba maganar haihuwa ba ma, yarinyar nan ƙarewa take yi. Ki yi mata magana, ke take ji."

Muka kai ta Funtuwa aka yi hoton ciki. Mai hoton ya juyo mana da allon ya ce mahaifa ga ta nan, babu kowa a ciki, ba a kuma taɓa samun kowa ba. Sa'adatu ta ce ya sake dubawa. Ya sake. Ta sauko daga gadon ta gyara zaninta, muka shiga mota. A hanya ta ce mani, "To wa na yi ta yi wa hira duk watannin nan?"

An ba mu takarda zuwa babban asibiti, sashen mata. Wanda bai taɓa bin layin nan ba ba zai gane ba. Ka yi sammako ka tarar da mutane sun riga ka, ka yanki kati, a ce likitan yau ya cika, ka dawo wani sati. Mun sauka gidan wata ƙanwar mijina, muna kwana a falonta. Sati na farko ya tafi a neman ganin likita. Na biyu a gwajin jini, wani a cikin asibitin, wani a ce sai waje, kowanne da kuɗinshi. Lawal yana gida yana sayar da abin da ya samu yana turowa.

A sati na uku muka shiga wurin wata likita, mace mai yawan shiru. Ta karanta sakamakon, ta kalli Sa'adatu tun daga ƙasa har sama, ta tambayi shekarunta, ta tambayi yaushe ta fara al'ada. Sai ta ce ta cire hijabi da ɗankwali. Ta zagaya ta bayanta ta taɓa tabon ƙeyar.

"Wannan fa?"

Na ce, "Tsohon ciwo ne, likita, tun tana ƙarama. Ya warke."

"An yi mata gashi?"

Na ce an yi. Ta koma kujerarta ta zauna. Abin da ta faɗa na riƙe shi kamar yadda ta faɗa. Ta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke aika wa jikin mace saƙo ya yi al'ada, ya saki ƙwai, ya yi tsawo, ya yi ƙarfi. Gashin da ya kashe ƙarin ya taɓa ta, kuma irin wannan lahani ba ya nunawa nan take, a hankali yake fitowa, wani sai bayan shekaru. Ta ce, "Mahaifarki lafiya take, ƙwanki suna nan. Mai aiko da saƙon ne ya raunana. Nonon ma daga can ne, saƙo ne ya rikice."

Sa'adatu ta ce, "Zan haihu?"

Likitar ta ce ba za ta yi mata alkawari ba. Ta ce akwai waɗanda aka yi wa gashi suka haihu ba tare da komai ba, akwai waɗanda sai da allura, akwai waɗanda ba su samu ba. Ta ce da an ci gaba da duba ta tun tana tasowa, da an taimaki tsawonta da ƙashinta, da ba ta sha wannan kasalar ba. Da muka fito na shiga banɗakin asibitin na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo.

An fara da ƙwayoyi. Ɗaya ta kasala da jin sanyi, wadda aka ce za ta sha har iyakar rayuwarta, ɗaya ta tsayar da nono. Ta nonon ta wahalar da ita da jiri da tashin zuciya, amma cikin wata biyu ruwan ya tsaya, ƙarfinta ya fara dawowa, har ta koma yin ƙosai a ƙofar gida. Al'ada dai shiru. Likita ta ce saura allura, wadda za ta yi aikin saƙon da kai ya kasa aikawa. Ana yin ta kullum na wasu kwanaki, ana duba ƙwan da hoto a ga ko sun girma, kuma dole a ajiye ta cikin sanyi. Da ta faɗi tsadarta na kalli Sa'adatu, ita kuma ta kalli ƙasa.

Lawal ya sayar da shanun huɗarshi. Yayyenshi suka yi mashi caa, suka ce da me zai yi noma. Ya ce gonar dajin ma shekara nawa rabon da a iya shiga ta, ta bakin gari kuwa zai yi da fartanya. Hajiya Kulu, wadda zuwa lokacin ta yarda babu ciki, ta kira Sa'adatu ta ba ta awakinta biyu ta ce a ƙara.

Zagaye na farko mun yi shi a birni, a falon nan na mutane. Ƙwan ba su motsa ba. Likita ta ce za a ƙara ƙarfin allurar.

A na biyu ba mu da halin zama birni, sai aka sallame mu da allurai a kula cike da ƙanƙara, aka ba mu ranar dawowa hoto. Sa'adatu ta tare a gidana. Wani mai kemis a 'Yankara da ke da firji mai sola ya ajiye mana, shi yake yi mata kowace safiya, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ana gobe za mu koma 'yan bindiga suka tare hanya suka kwashe mutane. Direbobi suka ajiye motoci. Sa'adatu ta sa hijabi ta tafi tasha tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, har da wani mai mashin, ta ce ya bi da ita ta daji. Na je na kamo hannunta.

"Yaya, sake ni. Shanun bawan Allah ne a jikina. In ranar ta wuce sun tafi a banza."

Na ce, "In aka ɗauke ki, mi zan ce wa Inna?"

Ta zauna a kan benci a tashar nan ta rufe fuska da hijabi, mutane na wucewa suna kallo. Da hanya ta buɗe muka je, likita ta ce lokacin ya wuce.

Mun jira har kaka. Mijina ya taimaka, Inna ta sayar da filin da Baba ya bar mata a bayan gari. Wannan karon Lawal ya zo birnin da kanshi, muka kama ɗaki. Ƙwai ya girma. Bayan sati biyu da wani abu aka gwada jini, likitar nan mai shiru ta yi murmushi ta ce akwai ciki. Sa'adatu ba ta yarda ba sai da aka yi hoto aka nuna mata wani ɗan ɗigo yana bugawa. Ta tambayi mai hoton, "Wannan na gaske ne?" Ya ce na gaske ne. Ba mu gaya wa kowa ba sai Inna da Hajiya Kulu.

Likita ta gargaɗe mu cewa cikin macen da aka yi wa gashin kai ya fi saurin zubewa, ta ba da magani, ta ce a huta. Na riƙe ta a gidana, ko tsintsiya ban bari ta ɗauka ba. Cikin na wata uku, wata rana bayan azahar muna zaune a inuwa tana tsince mani wake, ta ajiye faifan ta ce mararta na murɗawa. Kafin a samo mota zaninta ya jiƙe. A asibitin Faskari aka yi mata wankin ciki, aka ƙara mata jini, Lawal ne ya bayar. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, ba su bar mu a layi ba.

Da ta farfaɗo Lawal na tsaye a kanta. Ta ce, "Malam, ka yafe mani."

Ya ce, "In yafe maki mi? Ki sha shayin nan."

Ya fita waje. Ta taga na hango shi ya dafa bango ya daɗe a haka.

Yau wata biyar ke nan. Tana shan ƙwayoyinta, an ƙara mata wata da ke kawo al'ada don kare mata ƙashi. Ranar suna a unguwa ba ta fita. Ni 'ya'yana biyar, ban taɓa shan ko ƙwaya ɗaya don in same su ba, kuma akwai ranakun da nake jin nauyin ɗaukar autana a gabanta.

Ga abin da nake so iyaye su ji. Idan an yi wa ɗiyarku gashin kai ta warke, kada ku ce an gama. Ku tambayi likita da bakinku abin da zai iya biyowa baya, ku ce a faɗa maku da Hausa. Ku lura da tsawonta, ku lura da lokacin da ta fara al'ada, ko ta yi saurin farawa ko ta makara. Ku ajiye katin asibitin. Duk likitan da za ta gani a rayuwarta, ko na ciwon ciki ne, a fara gaya mashi an taɓa yi mata gashi. Kuma ruwan nono ba shi ne shaidar ciki ba.

Satin da ya wuce, ranar kasuwa, Sa'adatu na gidana sai ga wata mata daga Damari ta yi sallama, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara bakwai da hular sanyi a kai. An yi wa yarinyar aikin ƙari, an ce a dawo da ita gashi. Dangin uban sun hana. Sun ce kowa ya ga abin da gashi ya yi wa matar Lawal.

Matar ta durƙusa gaban Sa'adatu ta ce, "Ke na zo tambaya, don ke kika sani. In kai ta, ko in bar ta?"

Na so in amsa, Sa'adatu ta ɗaga mani hannu. Ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a cinyarta, ta tambayi sunanta, yarinyar ta ce Hafsatu.

"Ki kai ta," in ji Sa'adatu. "Ko sun hana, ki nemi wanda uban ke jin maganarshi. Ba zan ɓoye maki ba, abin da suka faɗa a kaina gaskiya ne, kuma akwai zafi. Amma da Babanmu bai kai ni ba, da ba ki same ni a nan kin tambaye ni ba. Likita ta ce ba kowa abin ke taɓawa haka ba. Ki kai ta, in an gama ki ci gaba da komawa, kada ki daina don kin ga tana gudu."

Matar ta yi ta share hawaye. Sa'adatu ta zuba wa yarinyar fura, ta tsaya sai da ta shanye, ta raka su har zaure.

Da ta dawo ta tattara kwanonin ta kai bakin rariya ta fara wankewa, ta ba ni baya. Can ta ce, "Yaya, waken Malam ya yi kyau bana. In an sayar, ki raka ni mu sake gwadawa. Sau ɗaya."

Na san babu sauran shanu, babu fili, na kuma ga jinin da ta zubar a Faskari. Na buɗe baki in ce ta haƙura, sai na ga hannunta ya tsaya cikin ruwan kumfa tana jira.

Na ce, "To. Allah ya kai mu kaka."

Ta ce amin, ta ci gaba da wanke-wankenta.